Dutsen Niƙan Marka

Da Zakari ya dawo Madarunfa daga karatun da ya yi a Indiya, tsarabar da ya kawo wa mahaifiyarsa Marka wani hoto ne, kwafin wani tsohon zane na can. Mata biyu ne zaune a ƙasa, hannuwa cike da awarwaro, suna juya dutsen niƙa mai da'ira, gari na zuba a gefe. Marka ta so hoton ƙwarai, ta rataye shi a ɗakinta. Ba ta san da magana a bayansa ba.

Maganar ta fito bayan girbi. Zakari ya kafa injin niƙa a ƙofar gida, ya ce dutsen niƙan da ke kafe a rumfar Marka ya gama aikinsa, a tone shi. Shi kuwa dutsen, kakarta ce ta kawo shi daga Gabi bisa jaki, tsakiyarsa ta lotse da hannun mata uku.

"Inna, bayanki ya lalace," in ji shi. "Su ma masu hoton ga, a gidan kayan tarihi na gan su. Abin ya wuce."

Ba mugunta yake nufi ba, tausayi ne. Amma tausayin ɗan boko wani lokaci ya fi duka ciwo, kuma Marka ta ji haushi har wuya.

"Wanda ya zana matan ga ya ga abin zanawa," ta ce. "Kai da na haifa, abin tonewa ka gani?"

Bai saurara ba. Washegari da hantsi sai ga Illo mai amalanken jaki da diga a kafaɗa. Marka ba ta yi musu da kowa ba. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta zuba gero, ta durƙusa, ta kama niƙa, ta ɗaga murya da waƙa irin ta matan da, wadda mace ke zuba duk abin da ke cinta a ciki. Ta sa sunan Zakari. Ta lissafa kunun da aka yaye shi da shi, da furar da ya sha yana ɗan makarantar lakkwal, duk daga kan dutsen nan. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, wata tsohuwa ta fara amshi, wata ta rangaɗa guɗa.

Illo ya ajiye diga, ya ce shi jakinsa bai sha ruwa ba, ya sulale.

Zakari ya tsaya kunya ta rufe shi. Bayan Marka na ciwo kamar zai tsage, gumi na ɗiga cikin gari, amma ba ta tsaya ba sai da geron ya ƙare. Sannan ta dafa dutsen, ta dubi Zakari.

"Za ka tone shi, Zakari, ban hana ka ba. Ran da aka hitar da ni gidan ga, ka ɗauke shi da hannunka ka aza mini bisa kabari."