Tsagar da Gempei Bai Ji Ba

A rana ta tara da fara aikin ne Tokuzo ya ga tsagar.

Yana zaune inda ya saba zama shekara hamsin, gwiwa ɗaya a naɗe, ƙafa ɗaya ta danne katakon da ke riƙe dutsen washi, hasken safiya na shigowa ta tagar arewa. Ya ɗauraye takobin, ya share shi da tsumma, ya ɗaga shi wajen haske kamar yadda yake yi sau ɗari a yini. Sai idonsa ya tsaya. Wajen tsakiyar takobin, wani ɗan layi da bai kai kaurin gashin jariri ba ya taso daga bakin kaifi ya haye sama. Ya ce a ransa zare ne daga tsumman. Ya hura, ya sa farce, ya mayar kan dutse ya goga sau goma, ya sake dubawa. Layin yana nan, har ma ya ƙara fitowa.

Takobin na Gempei ne, maƙerin da ke gangaren tudu a bayan garin Seki, wanda aka yi jana'izarsa wata guda da ya wuce. Tun suna samari suke aiki tare. Gempei ya ƙera, ya kawo ƙarfe mai duhu kamar toka, Tokuzo ya kwashe mako uku yana bin sa da duwatsu, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har abin da wuta ta ɓoye a ciki ya fito fili. Kuma tun suna samari ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Gempei yana kiransa mai wankin kwanuka, wai shi ne ke dafa abinci, Tokuzo wanke-wanke ne nasa. Tokuzo kuwa yana kiransa tsohon kurma, don shekara da shekaru guduma tana cin kunnensa, har ta kai sai an tsaya gabansa an ɗaga murya.

Wannan takobin shi ne na ƙarshe da Gempei ya ƙera. Ya yi alkawarin kai shi wurin bautar da ke kan tudu, a ajiye shi can tare da takubban mutanen dā. Bayan rasuwarsa matarsa Fusae ta kawo shi da kanta, a naɗe cikin farin ƙyalle, ta ce tana so a gama shi kafin cikar kwana arba'in da tara da rasuwar, don a hau da shi ranar da dangi za su taru.

Abin da ya fi ƙona wa Tokuzo rai shi ne kyan takobin. Tun rana ta biyar ya san bai taɓa riƙe aikin Gempei da ya kai wannan ba. Ƙarfen baƙin yashi ne, wanda aka narka aka tsince, tsohon ya ninka shi ya buga, ya sake ninkawa har sau goma sha biyar, shi ya sa jikinsa ya yi zane sirara-sirara kamar na katakon da aka fere. Ya naɗe ƙarfe mai tauri a waje, ya sa mai taushi a ciki, don kaifi ya yanka, cikin kuma ya hana karyewa. Sai zanen kaifi. Kafin a gasa takobi a tsoma shi a ruwa don ya yi tauri, maƙeri yana shafe shi da yumɓu, mai kauri a baya, siriri a baki, kuma yadda ya ja iyakar yumɓun haka farin zane zai fito. Gempei ya ja nasa ya hau ya sauka, tudu uku sannan kwari, tudu biyu sannan wani mai tsini. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Nagara ya dubi yamma zai gane tuddan nan. A gindinsu ƙauyen su Fusae yake. Shekara arba'in Gempei yana neman tuddan nan a ƙarfe, kullum sai ɗaya ya baje ko ya haɗe da ɗan'uwansa. A wannan karon sun fito dukansu, har da wani hazo-hazo a gindinsu. Tsagar kuwa ta ratsa ta tsakiyar tudu na huɗu.

Tokuzo ya juya takobin ya dubi wutsiyarsa, ɓangaren da ke shigewa cikin ƙota. Sunan Gempei na nan a sassaƙe, da watan da ya gama, da shekarunsa saba'in da shida. Gempei bai taɓa sa sunansa a kan abin da yake shakka ba. Ashe bai sani ba.

Tsaga a kaifi ba ta da magani. Ba a cike ta, ba a goge ta, takobin da ya yi ta ya mutu tun a cikin ruwa. Amma ana iya ɓoye ta, kuma Tokuzo ya san yadda ake yi. A matakin ƙarshe, sa'ad da ake bin zanen kaifi da ɓallin dutse mai kaurin takarda a ƙarƙashin babban yatsa, mai hannu yana iya ƙara fari a wurin ya lulluɓe layin, sai masani ya kawo ido kusa kafin ya gani. A kan tudu kuwa sau ɗaya a shekara ake zare takubba.

Ya taɓa yin haka, sau ɗaya, yana ɗan shekara ashirin da takwas, lokacin an haifa wa Gempei 'yarsa Haruko, ga sanyi ga rashin aiki. Ya ɓoye wata tsaga a takobin Gempei don tausayi. Gempei ya karɓi takobin, ya daɗe yana juya shi a haske, sannan ya ja Tokuzo zuwa maƙera, ya ɗora takobin a kan uwar maƙera ya karya shi a gabansa. Abin da ya ce kawai shi ne, sunansa zai fi shi daɗewa a duniya, kada a sa sunan ya yi ƙarya bayan shi ba ya nan. Duk hunturun nan bai yi masa magana ba.

Tokuzo ya ci gaba da aikin, don hannu ya fi zuciya sanin abin yi. Kwana goma yana bin duwatsu. Da ya zo kan tudu na huɗu sai yatsansa ya tsaya, ya zauna da ɓallin dutsen har ruwan da ke kansa ya bushe. Ya tuna fuskar Fusae ranar da ta kawo ƙyallen, yadda ta miƙo shi da hannu biyu. Ya kuma ji kamar tsohon kurman na tsaye a bayansa yana jira ya ga abin da mai wankin kwanuka zai yi. Ya jiƙa dutsen, ya bi wurin kamar yadda ya bi sauran, bai ƙara ba, bai rage ba. Tsagar ta fito tsaf, baƙa a cikin fari.

Saura kwana biyu a taru ya sa takobin a farin kuben katako, ya naɗe, ya gangara gidan Gempei da hantsi. 'Ya'yan itacen kaki, masu kama da manyan kanya, na rataye jere a bakin rufi suna bushewa, ƙofar maƙera a rufe. Fusae ta tare shi, ta ce Toku-san, kamar yadda take kiransa, ya rame, ko duwatsun yake ci yanzu? Ya ce ai tun da mai dafa abincin ya tafi, mai wanke-wanke sai yunwa. Suka yi 'yar dariya, wadda ba ta je ko'ina ba. Ya durƙusa gaban hoton Gempei ya kunna turaren tsinke, ta kawo shayi da gasasshen dankali, suka yi maganar sanyin bana da ciwon gwiwarta da jirgin ƙasan da Haruko za ta biyo gobe. Duk hanya yana shirya kalmomin da zai faɗa, amma da ya zauna sai suka watse.

Ya zare takobin ya riƙe mata shi a hasken ƙofa. Fusae ta rufe bakinta da hannun riga don kada numfashi ya taɓa ƙarfen. Idonta ya fara daga ƙasa yana hawa, tudu bayan tudu, leɓenta na motsi kamar tana kiran sunayensu. Ba ta ko lumshe ido ba.

"A ina take?" ta ce.

Tokuzo ya dube ta.

"Tsagar, Toku-san. Idona ba ya gani sosai. Nuna mini."

Ya nuna mata da tsinken tsumma. Ta daɗe tana kallo, sannan ta koma ta zauna a kan dugaduganta, ta ba shi labari a hankali, tana murza gefen rigarta. Ta ce duk ranar tsomawa, in Gempei ya rufe tagogin maƙera don ya ga launin ƙarfe a cikin duhu, ita takan tsaya a madafa, bango ɗaya ne tsakaninsu. Shekara arba'in da bakwai tana sauraro. Ta san ƙarar zugazugi, ta san shirun da ke biyo baya, ta san kukan ruwa in ƙarfe ya shiga. In kukan ya ƙare lafiya sai ta ɗora giyar shinkafa a ruwan zafi. In kuwa ta ji wata 'yar ƙara a ƙarshe, siririya kamar an taɓa kofin shayi da tsinken cin abinci, sai ta mayar da kwalbar, ta san yau ba magana a gidan. Ran nan da la'asar tana yanka radish, wani farin kayan lambu mai kama da karas, ta ji ƙarar. Ta ajiye wuƙa tana jiran ya fito da fuskar da ta sani.

"Sai ya fito yana dariya," ta ce. "Hannunsa duk yumɓu, ya kama kafaɗata, yana cewa, Fusae, na kamo miki tuddanku, dukansu. Yana ihu, ka san yadda yake ihu tun da kunnen ya tafi. Lokacin likita ya riga ya gaya mini ciwon ajalin da ke cikinsa, shi bai sani ba. Na buɗe baki. Sai na ce masa bari in ɗumama giya."

Ta ce tana zaune a gefensa ranar da ya sassaƙa sunan, tana riƙe masa wutsiyar. Kowane bugu tana cewa yanzu za ta faɗa, har ya gama. Ta ce ta kawo wa Tokuzo takobin ne tana fatan kunnenta ne ya yi mata ƙarya.

Tokuzo ya ce mata har yanzu akwai kwana biyu. Bai san lokacin da maganar ta fito ba. Ya ce yana iya komawa da shi ya rufe wurin, ba wanda zai sani sai su biyu.

"Ni na yi masa ƙarya sau ɗaya, yana da rai, ya ji daɗinta," in ji Fusae. "Wannan nawa ne, zan ɗauka. Amma sunansa ba zai hau tudu ya yi ta yi wa mutane ƙarya shekara ɗari uku ba. Kai ma ka san abin da zai ce."

"Zai ce mai wankin kwanuka bai yi hankali ba har yau."

"Zai faɗi abin da ya fi haka." Ta miƙe da ƙyar, tana dafa tabarma. "Bari in ƙara kallo tukuna."

Ya riƙe mata shi har hannunsa ya gaji, ya canza hannu. Ta nuna masa tudun da suke hawa ɗebo itace tana yarinya, da kwarin da makarantarsu take, da mai tsinin da mahaifinta ke duba don sanin ko za a yi ruwa. Da ta gama ta ɗauko mabuɗi.

Maƙerar na warin gawayi da sanyi. Kwamin ruwan yana nan da ruwansa, ƙura ta kwanta a kai. Tokuzo bai taɓa ɗaga gudumar Gempei ba, ya ji nauyinta har kafaɗa. Fusae ta naɗe wutsiyar da tsumma ta kama da awartaki, ta ɗora takobin a gefen uwar maƙera, tsagar daidai baki, kamar wadda ta sha yi. Ya dubi aikin kwana goma sha tara yana ƙyalli a kan baƙin ƙarfe. Ya buga.

Kaifin ya tsage da wata siririyar ƙara. Fusae ta runtse ido.

"Ita ce," ta ce. "Haka na ji."

Amma takobin bai rabu ba. Ƙarfe mai taushin da Gempei ya sa a ciki ya lanƙwashe ya riƙe, ya ƙi saki. Sai da Tokuzo ya juya shi ya buga, ya sake juyawa, sau shida, yana haki, ido na yi masa zafi, kafin rabin ya faɗi cikin toka.

Fusae ta ɗauki ɓangaren da ke da sunan, da tuddai uku da rabi a jikinsa, ta share shi da hannun rigarta. Ta ce wannan zai zauna a bayan hoton, gobe kuma za ta hau tudu da kanta ta gaya wa mai kula da wurin cewa takobin ya tsage a ruwa. Ta tsugunna ta ciro ɗaya rabin daga toka ta miƙa wa Tokuzo da hannu biyu.

Ya naɗe shi a ƙyallen da ya zo da shi. Kuben ya bar mata, ba komai a ciki. Da ya fito tana kulle maƙerar, mabuɗin ya ƙi juyawa, ya tsaya ya taya ta.