Dutsen Guga Biyu a Jakar Inna

Motar ta iso ƙofar gida da ƙarfe bakwai na safe, a dunƙule kamar akwati, yadda motocin suke yawo idan ba kowa a ciki. Yaya ta latsa uku a wayarta. Motar ta miƙe, bayanta ya ƙara tsawon taku biyu, kujeru uku suka buɗe daga ƙasa. Ba direba. An daina wannan tun kafin ƙaninta Auta ya tafi aiki ƙasar waje.

Kwana huɗu ya yi a gida bayan shekara uku, yau za su raka shi filin jirgi. Kwanakin nan Yaya a tsaye ta yi su. Tela ce, ita ta ɗinka wa mahaifiyarsu riguna masu faɗi da soso a kafaɗa, ita ke ɗauke kwanon abinci kafin Auta ya lura ba a taɓa ba. Inna ce ta sa ta rantse: kada ya san da ciwon da ke cin ta, kada ya bar aikinsa ya dawo gadin tsohuwa. Saura minti arba'in a rabu lafiya.

Motar kaɗai Yaya take tsoro. Kujerun suna auna mai zama, wanda bai kai kilo arba'in ba sai ta tambaya ko yaro ne ko kaya. Wata biyar ke nan da Inna ta faɗo ƙasa da arba'in. Ranar farko, a hanyar asibiti, Yaya ta amsa da yaro. Kujerar ta tsuke, ta fito da maɗauri mai hoton agwagwa, ta kunna waƙar yara. Inna ta kwana biyu ba ta kalli Yaya ba. Daga nan Yaya ta naɗe tsofaffin dutsen guga biyu na shagonta cikin tawul ta sa a jaka. Duk fita jakar na kan kujera a gefen Inna, hannunta a kai. Kilo bakwai. Mota sai ta ƙirga mutum.

"Inna, wannan jakar fa? Ko bi na za ki yi?" in ji Auta da suka zauna.

"In bi ka in ci me? Dubi wuyanka kamar na zakara. Can ba a dafa abinci ne?"

"Kayan shago ne," Yaya ta ce. "Zan sauke in mun dawo."

Motar ta tashi. Suka wuce kantin magani, suka wuce makaranta. Auta yana ba da labarin mai gidan hayarsa, Yaya tana kallon agogo. A shatale-tale motar ta karkata, jakar ta danne wa Inna ƙugu. Ta cije leɓe, ba ta yi ƙara ba, amma ya gani.

"Haba, Yaya! Muna zaune da ƙarfinmu, a bar Inna da kaya?"

"Bar ta nan!" Tare suka faɗa, Yaya da Inna.

Ya riga ya ɗaga. "Kai! Duwatsu kika zuba?" Ya ajiye ta tsakanin ƙafafunsa yana dariya.

Motar ta rage gudu, ta gangara gefen titi, ta tsaya. Fitilar da ke saman kujerar Inna ta koma ja.

"Kujera ta uku, kilo talatin da huɗu," in ji muryar motar. "Yaro ne ko kaya?"

"Ta lalace," Auta ya ce. "Waɗannan motocin naku!"

Ya dubi Yaya, ta sunkuyar da kai. Ya buɗe jakar, ya warware tawul ɗin, ya daɗe yana kallon ƙarfen. Sannan ya kama hannun Inna a hankali, ya tura hannun rigar sama. Yatsunsa biyu suka zagaye damtsen suka haɗu. Ya taɓa kafaɗarta, soso ya lotsa.

"Tun yaushe?"

"Sakar min hannu, mara kunya," in ji Inna.

"Yaya, da ke nake. Kullum a waya lafiya lau, lafiya lau. Tun yaushe?"

"Tambayi wadda ta sa ni rantsuwa."

"Ni ba ɗanta ba ne? Sai mota ce za ta gaya min?"

"Kai ɗanta ne na waya," Yaya ta ce, muryarta ba ta ɗaga ba. "Ni ke ɗaga ta zuwa banɗaki."

"Yaro ne ko kaya?" motar ta sake tambaya.

Inna ta gyara hannun rigarta. "Autana, mayar min da jakata. Jirgi ba ya jiran kowa. Ka wahala kafin ka samu aikin nan, ba za ka zubar da shi don ni ba."

Ya naɗe dutsen gugan kamar yadda ya same su. Ya ɗora jakar kan kujerarta, ya cire rigarsa ta sama ya cusa tsakanin ƙarfen da ƙugunta. Fitilar ta koma fara.

"Fasinja uku. Filin jirgi, minti ashirin da biyu."

"Canja," in ji Auta. "Gida."

"Kada ka soma!" in ji Inna.

"Gida," ya maimaita.

Motar ta juya. Inna ta mayar da fuskarta ga taga. Sai da suka sake wuce kantin magani ta yi magana, ba tare da ta waiwayo ba.

"Ke kuma, jaka ɗaya aka ba ki tsaro."

Yaya ta san wannan karon sai Inna ta fi kwana biyu ba ta kalle ta ba. Ta jingina kanta da gilashi don ta nemo abin faɗa. Kafin su kai gida barci ya ɗauke ta.