Tulun Sha'ir a Gonar Abishur

Da aka raba ƙasa, ƙuri'a ta ba Abishur gangaren wani tudu, da itacen ɓaure guda da duwatsu masu yawa. Ya kafa dutsen iyaka da hannunsa. Wannan ce ƙasar da Ubangiji ya yi wa kakanninsu alkawari. Ubansa ya mutu a jeji yana ambatonta, bai ko hango ta ba.

Tun da suka haye kogin Urdun manna, abincin da ke zubo musu daga sama a jeji, ta daina sauka. Abishur bai daina fita ba. Kullum da sassafe yakan ɗauki kwandonsa ya bi gangaren yana duban ƙasa. Wani lokaci raɓa kan yi fari fat a kan ciyayi, sai ya ji ƙanshin waina da zuma, ya ji muryar uwarsa tana cewa ya yi sauri kafin rana ta narkar da ita. In ya sunkuya, ruwa kawai yake taɓawa.

Shekara arba'in ya ci daga sama, kuma doka ɗaya ya sani: ka ɗebi na yau, kada ya kwana, sai ranar jajibirin Asabar. Yana yaro ya taɓa ɓoye dunƙule guda a rigarsa. Da gari ya waye tsutsotsi ne a ƙirjinsa, ga wari, ga dukan ubansa.

Matarsa Yedida ba ta fita da kwando. Ita ta yi kalar sha'ir a gonakin kwari lokacin girbi, ta cika tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ta binne shi bayan alfarwa. Shi ne irin da za su shuka in ruwan fari ya sauka. Ba su da wani.

Wata shida tulun yana nan. Ranar da Abishur yake kafa turken akuya, sandarsa ta bugi tulun.

"Ke, mene ne wannan?"

"Idonka ya mutu ne, maigida? Tulu ne."

"Tun yaushe?"

"Tun girbi."

"A ƙasar da Ubangiji ya ba mu kike ɓoye abinci? Kina tsoron zai manta da mu gobe?"

"Kai da bai manta da kai ba, me kake kawowa a kwandon nan? Raɓa zan dafa maka?"

Ya ɗauki tulun ya nufi inda ya yi watanni yana cire duwatsu, tana biye da shi tana riƙe gefen rigarsa.

"Tsoho, don girman kabarin babanka ka ajiye! Iri ne!"

Ya fasa lakar, ya kau da fuska don kada ya ga tsutsotsi, ya yi ta watsawa hagu da dama har tulun ya koma fanko. Yedida ta durƙusa tana tsinta ƙwaya ƙwaya. Ba ta cika tafin hannu ba hadari ya taso daga wajen teku. Ruwan ya yi kwana biyu. Ita kuwa kwana tara ba ta ce masa uffan ba.

A rana ta goma ya fita da kwandonsa. Hazo ya kwanta a gangaren, duwatsu kamar tumaki masu barci. Ƙasa ta yi fari daga ɓauren har dutsen iyaka. Ya sunkuya. Ƙarƙashin raɓar akwai tsiro kore, siriri kamar allura, nan cunkus, can jefi-jefi, daidai yadda fushinsa ya zubar.

Ya daɗe a tsugune. Ya ga kamar ubansa yana tafe cikin hazon, ba takalmi, yana taka gefe don kada ya murƙushe tsiron.

Yedida ta zo ta tsaya bayansa.

"Yaushe ake ɗiba?" ya ce.

"Bayan wata biyar."

"Biyar!"

"In ba ka sake haukacewa ba."

"Wanda kika tsinta fa?"

Ta kwance bakin mayafinta. Ya karɓa, ya juya ƙwayoyin da yatsa, ya shinshina. Babu tsutsa, babu wari.

"Ɗauko tulun," ya ce. "Ki liƙe shi da kyau."

Ya kife kwandon a gindin ɓaure, ya zauna a kai yana fuskantar gonar.