Akwatin Mushe Kojo

Ranar Talata ce, a watan Afrilu na shekarar 1961, rana tana dukan ƙasa har jakuna sun ƙi barin inuwa, aka sauke mini akwatin daga bayan kamyon gyaɗa a bakin hanyar Gidan Rumji. Ko ganye ba ya motsi. Direban ya ce Mushe Kojo ne ya ba shi a Tibiri, ya ce a kai wa Magaji ɗan Rakiya.

Mushe Kojo mutumin Dahome ne, Mushe kuwa haka muke kiran malaman lakol, makarantar boko. Shi ya koyar da ni a lakol har aji biyar, kafin in gudu, don zama wuri ɗaya yana sa ni ciwon kai. Zai koma ƙasarsu, kaya sun yi masa yawa. A cikin akwatin na tarar da littattafan Faransanci goma sha tara da 'yar takarda. Ya ce in riƙe guda huɗu da ƙarfi, na lissafi, na tarihi, na nahawu da ƙamus, in shiga jarrabawar satifika a Maraɗi cikin watan Yuni. Turawa sun tafi, kowane buro, wato ofis, yana neman mai rubutu, kuma wanda ya bar lakol ma ana barinsa ya gwada. Sauran littattafan ya ce in karanta don jin daɗi.

Ɗakina yana yoyo, kuma gara ta riga ta cinye mini tabarma biyu. Na kai akwatin shagon Na'Allah tela, don shi kaɗai ke da rufin kwano a layinmu. Kullum bayan la'asar sai in zauna a rumfar zana da ke ƙofar shagon in buɗe littafi. Ba ni kaɗai ke zama a rumfar ba. Akwai Baba Hambali, tsohon soja da ya yi yaƙin Turawa a ƙasarsu. Akwai Buba, Bafillace, yana zuwa ya jira matarsa Dija ta gama sayar da nono. Gwaggo Delu kuma a gefe take suyar ƙosai, kunnenta yana wurinmu.

A rana ta uku Na'Allah ya tsayar da kekensa ya ce, "Kai Magaji, mutum shi zamna yana motsa baki shi kaɗai kamar mai tsahi? Faɗa mu ji."

Haka na fara karanta musu, ina juyawa da Hausa. Na ɗauka zai taimake ni in riƙe karatun. Ban san na kai littattafan gaban alƙalai ba ne.

Na kiwon dabbobi muka fara taɓawa, don Buba ya ga hoton saniya. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Ina tozonta?"

Na ce shanun Turawa ba su da tozo.

"To wannan ba saniya ba ce. Randa ce aka yi wa ƙafa."

Ana cikin dariya na kai inda marubucin ya ce makiyayan ƙasarmu suna tara shanu ne kawai don su kalle su, ba su san amfaninsu ba. Buba ya ajiye sandarsa. "Sake faɗi." Na sake. Ya ce, "Ya taɓa tatsa? Ya taɓa tona rijiya gaba goma don maraƙi ya sha? In ya zo nan ku nuna mini shi, ko ƙwarya ɗaya Dija ba za ta sayar masa ba."

Na tarihi ya fi muni. Shafi ɗari biyu yana lissafa sarakunan Turawa, Gobir kuwa layi uku aka ba ta, wai babu tsari babu zaman lafiya a nan sai da Turawa suka iso. Baba Hambali ya buga ƙafarsa mai ciwo a ƙasa.

"Shekara shida ina can! Da idona na ga garuruwan da sunka mayar toka da hannunsu. Su ne za su koya muna zaman lahiya? Yaga shafin nan, yaro."

Na ce ni ma raina ya ɓaci, amma layukan nan uku sai na haddace su, don ana iya tambaya a jarrabawa.

"A zage ka, ka haddace, kuma a ba ka takardar shaida. Madalla da lakol."

Na lissafi kuwa Gwaggo Delu ce ta gama da shi. Na karanta tambayar wani mutum da ke zuba ruwa a randa mai huji, ruwa yana shiga ta sama yana fita ta ƙasa, wai a faɗi lokacin da za ta cika.

"A toshe hujin mana!" in ji ta daga bakin kasko. "Matar gidan ba ta da tsumma? Wane irin malalaci ne wanga? Da a gidana ne da ya sha muciya."

Duk wannan bai dame ni ba. Sukan yi faɗa da littafi, gobe su ce a ci gaba. Matsalar ta zo ne daga wanda suka so.

Littafin labari ne, ba hoto ko ɗaya. Wata mai wanki ce, mijinta ya mutu, aka kwashe ɗanta ɗaya tilo zuwa yaƙi. Ta ji an ce an harbe shi yana kwance a wani gari mai nisa, sai ta kama hanya da ƙafa cikin sanyi. Sunanta ya yi wa bakinsu nauyi, suka mayar da ita Mairo. Kwana goma sha biyu muka yi muna tafiya da ita. Na'Allah ya daina taka keke in na fara. Buba yana barin Dija ta jira shi. Ranar da aka sace wa Mairo takalma, Baba Hambali ya zagi ɓarawon har uwarsa. Da Juma'a ta zo, Gwaggo Delu ta raba wa yaran layi ƙosai kwano guda sadaka, Allah ya sada matar nan da ɗanta.

Ba ta isa ba. Saura tafiyar yini ɗaya ta mutu a rumbun wani manomi, aka binne ta babu wanda ya san sunanta. Ɗan ya warke, ya koma gida yana tambayar maƙwabta ina uwarsa. A nan littafin ya ƙare.

Baba Hambali ya juya baya wai hayaƙin kasko ya shiga idonsa.

Washegari na tarar da su sun riga ni zuwa. Na'Allah ya shimfiɗa farar takarda a kan teburin yanka, ya ajiye alƙalami.

Gwaggo Delu ta ce, "Zauna, ɗan nan. Mun yi shawara. Yaron can bai san inda uwatai take kwance ba, mu kuwa mun sani. Ka rubuta mishi. Ka faɗa mishi sunan garin da na manomin."

"Ni zan kai ta gidan waya a Maraɗi," in ji Baba Hambali. "In soja ne, da lamba tai za a same shi. Duba, littahin bai faɗi lamba ba?"

Da na yi shiru na yi tunani, da wataƙila na sami hanyar faɗa a hankali. Dariya na yi. Na yi dariya har na dafa teburin.

"Gwaggo, ai babu shi. Babu ita ma. Wani ne ya zauna a ɗakinsa ya ƙirƙira."

"Ya ƙirƙiri mi?"

"Duka. Matar, ɗan, takalman, manomin."

Gwaggo Delu ta ajiye matsaminta a hankali. "Ƙosaina kwano guda. Azumin Litinin da na yi mata. Ga matar da ba a haifa ba?"

"To ai kamar tatsuniya ce."

"Kada ka raina muna hankali," in ji Na'Allah. "Tatsuniya tun daga bakin ƙofa take faɗin sunanta. An ce ga ta nan, kowa ya san wasa za a yi, yara ake wa. Wannan fa? Ya sa shekara, ya sa sunan gari, ya rubuta a takarda ya ɗinke. Rubutu abin shaida ne. Mutum ya iya rubutu, ya rasa abin da zai yi da shi sai ya sa tsofaffi kuka?"

Na ce ai irin Mairo suna da yawa, shi ya sa suka ji ta a ransu. Na ce Baba Hambali ma ya san uwayen da suka bi hanya haka.

"Na san su," in ji Baba Hambali. "Suna da sunaye. Don mi bai rubuta ɗaya daga cikinsu ba? Kuma kai ka sani tun ranar farko, kana kallona ina share ido."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Amma maimakon in ba da haƙuri sai na ƙara ɗaga murya.

Buba ya ce, "Tsaya. Mutumin nan mai randa mai huji, shi akwai shi?"

"Babu. Misali ne."

"To. Na shanu ƙarya, na Gobir ƙarya, mai randa babu shi, Mairo babu ta. Ashe akwatin gaba ɗaya."

"Da shi za a ba yaron ga buro," in ji Baba Hambali. "Ya zauna ya riƙa rubuta mu."

Nan na fashe. Na ce wata guda ina ɓata bakina a kan mutanen da ko baƙi ɗaya ba su sani ba. Na ce su jahilai ne, kuma jahilcin ne ya sa aka mulke su shekara sittin. Na faɗa wa mutumin da ya girmi ubana wannan, a gaban mutanen layi.

Na'Allah ya miƙe, almakashi a hannunsa. Muryarsa ba ta tashi ba. "Wallahi akwatin ga ba shi ƙara kwana cikin shagona. Ɗauki abinka."

"Ba zan ɗauka ba. Ku dafa ku ci."

Na fita bakin hanya. Kamyo na farko da ya tsaya Maraɗi za shi, na haye. Na ce wa kaina dama ina da rubuta suna a jarrabawa. Aikin awa ɗaya ne, amma na yi kwana uku a wurin wani abokina mai gyaran keke, ina jira su ji kunya. A raina Na'Allah ba zai taɓa akwatin ba. Na manta cewa ya rantse, kuma mutum ne da ba ya mayar da rantsuwa.

A rana ta biyu da azahar hadari ya haɗo daga gabas, ruwan farko na shekara ya sauka da iska mai tumɓuke bukkoki. Ina tsaye a rumfar mai keke ina jin daɗin ƙanshin ƙasa.

Da na dawo, rumfar zanar babu ita, sai sanduna biyu a tsaye. Akwatin yana gindin bango, murfin a gefe, ruwa kwance a cikinsa. Takardu sun manne a jikin katanga, wasu a cikin taɓo har bakin masallaci. Wata akuya tana tauna wani abu fari.

Na faɗa shagon. "Baba Na'Allah, a waje ka ajiye mini su? A bakin damina?"

Bai daina taka keke ba. "Ƙarƙashin rumfa na aje, na ɗora dutse bisa murhi. Na aika gidanku sau biyu, ubanka yana gona. Kai kana ina?"

"Wata ɗaya ya rage mini! Ka san abin da ke ciki!"

"Na sani. Kai ka karanta muna."

Na fito ina tsintar takardu daga taɓo, kowace na ɗaga sai ta rabu biyu a hannuna. Mutane suna wucewa suna kallo.

Gwaggo Delu ta kira ni da hannu. Ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin teburinta, a naɗe da tsohon zane. Iska na fara tashi ta bar kaskonta ta ruga, ta kwaso abin da hannunta ya iya ɗauka. Zanenta ma bai gama bushewa ba.

"Ungo. Ban san wane ne wane ba, duk kamarsu ɗaya. Kuma kada ka ce na yarda da su. Don kai ɗan Rakiya ne na ɗebo."

Na ce na gode. Ta ce in riƙe godiyata in kai wa Hambali, don tun ranar bai ƙara fitowa ba. Na je ƙofar gidansa da yamma, aka ce yana barci. Ina jin tarinsa daga zaure.

Na kwance ƙunshin a ɗakina. Guda shida ne: na waƙoƙi biyu, na kiwon zuma, na taurari, da na labari biyu da ban taɓa buɗewa ba. Babu ko ɗaya daga cikin huɗun da Mushe Kojo ya ce in riƙe. Ƙamus ɗin da na tsamo daga akwatin na shanya shi a rana kwana biyu, ya kumbura ya daskare kamar tubali. Na shiga jarrabawar duk da haka, da abin da ya rage a kaina. Da aka kafe sunaye a Maraɗi na karanta takardar sau uku, daga sama zuwa ƙasa, babu sunana.

Littafi goma sha uku suka tafi: tara ruwa ya lalata, uku awaki suka ci, ɗaya ban ga ko bangonsa ba. Sai satifika ɗaya, da shekara guda kafin a sake yin jarrabawar, da mutum uku da har yau iyakarmu gaisuwa.