Ƙullin da Ba na Masunci Ba

Cikin kwana goma masunta uku suka ɓace a ƙauyen Hillat Mato, kusa da Rusairis. Kowanne ya fita da safe, da azahar a tsinci kwalekwalensa yana yawo a kogi babu kowa ciki, birginsa na jan ruwa a baya. Birgi dai shi ne ragar da masunci ke watsawa da hannu.

Tsoho Mato, sarkin ruwan ƙauyen, ya yanke magana: kada ne. In Mato ya ce kada, to kada ne, domin shekara hamsin ke nan babu wanda ya taɓa musa masa zancen kogi. Har an sayo wa Sabah, matar Jibirin, na ukun waɗanda suka ɓace, farin zanen takaba.

Sai ga Nawal, shugabar ofishin 'yan sandan yankin, ta sauko daga mota. Nawal kuwa 'yar Mato ce ta cikinsa. Tun ranar da ta sa kaki bai taɓa taka ofishinta ba. In an tambaye shi ita, sai ya ce, "Tana can wajen hukuma," ya ci gaba da ɗinkin raga. Abin yana mata ciwo, ba ta dai taɓa faɗa ba.

Ta gaishe shi a durƙushe, ta wuce bakin ruwa, ta shiga kwalekwalen Jibirin da takalmanta na aiki. Maza na gefe suna kallon ikon Allah. Ta ɗaga igiyar birgin da ke ɗaure a jikin katakon zama, ta daɗe tana juya ta.

"Abuya," ta ce wa mahaifinta, "ina masunci ke ɗaure igiyar birgi?"

"Ke da kin ka girma cikin jirgi? Ga wuyan hannu mana."

"To in kada ya ja mutum, birgin ya bi shi ke nan. Wanga ga shi ɗaure ga katako, duk ukun haka. Kuma dubi ƙullin."

Mato ya karɓa ya duba. Ƙullin masu lodin mota ne, irin wanda ake tamke buhuna da shi a bayan lori. Masuncin da ya yi irin wannan ƙulli, dariyar da za a yi masa sai ta kai Dinder. Nawal ta sa farce cikin tsagar katako, ta zaro ƙwayoyin riɗi ta shimfiɗa a tafinta. Me ya haɗa kifi da riɗi?

Ta juya wajen Sabah. "Ya ukti, 'yar'uwata, aje zanen nan. Ba ni kwana ukku."

"In kin sa mata rai, ya zamo babu fa?" in ji Mato, murya ƙasa-ƙasa.

Ta san tambayar gaskiya ce. Ta ce, "Sai in zo in ɗaura mata shi da hannuna."

Lokacin yankan riɗi ne, kuma riɗi ba ya jira: in ya bushe aka yi jinkiri, sai ya fashe ya zube ƙasa. A irin wannan lokaci masu manyan gonaki neman hannu suke ido rufe. Nawal ta bi gaɓar kogi da mutanenta har suka sami sawun lori a wani lungu da masunta ke tsayawa sayar da kifi. Ta bi masu shayi na bakin hanya ɗaya bayan ɗaya, tana shan shayin da ba ta so, har wata ta tuna jar lori da ke wucewa da tamfol a rufe, alhali ba a fara kwasar amfani ba.

Rana ta uku da hantsi suka dira wata gona a dajin Dinder. Mutum goma sha ɗaya suka tarar suna yankan riɗi, har da masuntan nan uku, mai gadi da bindiga a kansu. Da sunan sayen kifi ake kiran su gaɓa, a tura su mota, a saki jirgin a ruwa. Mai gonar ya fara cika baki, wai ya san manya. Nawal ta ce ya adana sunayensu, zai buƙace su a gaban alƙali.

Da la'asar motar ta shiga Hillat Mato. Jibirin ya sauko a rame, tafin hannunsa duk ya tsage. Sabah ta ƙwalla ƙara, ta zube ƙasa tana kuka tana dariya. Guɗa ta kaure, jama'a suka yanyame Nawal, kowa na "Janabu! Janabu!" yadda ake kiran manyan hafsoshi.

Mato ya ratso taron da sandarsa. Nawal ta sunkuyar da kai, domin ta ƙaryata shi a bainar jama'a, ba ta san da wace zai zo ba.

"Wane Janabu?" ya daka musu tsawa, hawaye na bin gemunsa. "Ku ce ɗiyar Mato! Ƙullin ga da ta gane, wa kuke tsammani ya koya mata?"