Gwangwani Biyu na Man Shanu

A shagon askina da ke Mirzapur aka ƙulla maganar. Dulare mai tallan ƙanƙara ya shigo ya tarar da Pandit Ramasre, mai duban taurarin unguwarmu, a kan kujera. Na riga na shafe masa fuska da kumfa, ba damar tashi.

"Panditji, ka tuna abin da ka faɗa mini ranar bikin watsa launi?"

"Wa ke tuna zancen ranar biki? Kowa a buge yake."

"Ni ban sha ba. Rungume ni ka yi kana kuka, ka ce gwangwani biyu na man shanu yayana ya kai maka, shi ya sa ka ga wuta a taurarina."

Aska tana kan wuyan Pandit, na ga maƙogwaronsa ya motsa.

"Me kake so?"

"Jibi Inna za ta kira ka ka buɗe takardar taurarin ɗan yayana Tribhu kafin a miƙa masa muciyar shagon alawa. Abin da ka gani a tawa, shi za ka gani a tasa. Ni kuma bakina a rufe, har ranar da za a ƙone gawata."

"Yaron nan bai yi maka komai ba."

"Ni wa na yi wa?"

Pandit ya ce masa ya rantse da kogin Ganga cewa ba zai tona ba. Dulare ya rantse, ya fita ya kama tura kurarsa ta ƙanƙara.

A da, uban Dulare alawar madara yake yi, kuma har daga ƙauyuka ake zuwa saye. 'Ya'yansa maza biyu ne, Baijnath babba, sai Dulare. Kowa ya san ƙaramin ne mai hannu, da ƙanshi kawai yake gane madara ta kai. Da tsohon ya mutu, uwarsu Phulmati ta kira Pandit ya duba wanda zai zauna a murhu. Ya buɗe takardun haihuwarsu, ya yi ta lissafi da yatsu, sannan ya ce jan tauraro Mangal ya zauna wa ƙaramin a mugun gida. In ya nemi abincinsa da sana'ar wuta, wuta ce ajalinsa. A nema masa sana'ar sanyi.

Uwar da kanta ta zare muciya daga hannun Dulare tana kuka. Sama da shekara talatin yana tura kurar ƙanƙara, tafin hannunsa ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Kullum da safe yakan sauke wa yayansa ƙanƙarar sanyaya kindirmo, ya shaƙi ƙanshin madara, ya wuce.

Tribhu shi kaɗai ne ɗan Baijnath. Saurayi ne da ya gado hannun baffansa, ba na ubansa ba, kuma ban da kaskon dafa madarar nan ba abin da yake so a duniya.

Ranar na je, don ni na yi wa saurayin aski. An share shagon alawa, an rataya furanni, dangi sun cika tsakar gida. Phulmati, wadda yanzu sai an ɗaga ta, tana kan gadon igiya. Tribhu ya sa fararen kaya, muciyar kakansa na gabansa a kan tire. Dulare ya zo a makare ya zauna can bakin ƙofa.

Pandit ya buɗe takarda. Ya daɗe yana kallonta, gumi na bin wuyansa. Can ya ce, "Mangal ne. Gida ɗaya da na baffansa. Yaron nan ba na wuta ba ne."

Phulmati ta dafe ƙirji.

Baijnath ya ce, "Sake dubawa, Panditji. Idonka ya tsufa."

"Na duba."

"To a kira wani daga Banaras."

Tsohuwar ta ce, "Wane wani? Wannan ne ya ceci ran ƙanenka. Da ba don shi ba da tuni mun watsa tokar Dulare a kogi. Tribhu, matsa daga wurin muciyar nan."

"Kaka, tun ina ƙarami nake gaban murhu, ko farcena bai taɓa ƙonewa ba."

"Haka baffanka ya ce. Matsa."

Saurayin ya dubi ubansa. Baijnath ya sunkuyar da kai. Ya san ƙarya ce, ya kuma san yadda aka yi ya sani. Daga bakin ƙofa Dulare ya yi magana a hankali, kamar mai lallashi.

"Kada ka damu, ɗana. Kurata tana nan, ƙafa ɗaya ce kawai take kuka. Shekarar farko ce mai wuya. Daga nan hannu yakan mutu, ba ka ƙara jin komai."

Ya ɗaga tafukansa biyu ya nuna masa. Tribhu ya kalle su, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Nan Baijnath ya zabura. "Ƙarya yake yi, Inna! Mutumin nan da gwangwani biyu na man shanu ake sayensa!"



"Biyu," in ji Phulmati. "Ba ɗaya ba, ba uku ba. A ina ka san farashin, Baijnath?"

Ta juya ta dubi hannuwan Dulare, ta daɗe tana kallo. Pandit ya fara lalubar takalmansa. Da ya zo wucewa ta ƙofa, Dulare ya janye ƙafa ya ba shi hanya.

"Ka shaida, Panditji, ni ban ce komai ba."

Nan take tsohuwar ta yanke hukunci. Muddin tana numfashi Baijnath ba zai ƙara taka shagon ba. Ta sa aka ɗauko muciya, ta ɗora a hannun Dulare. Washegari da safe Baijnath ya buɗe ƙofarsa ya tarar da kurar ƙanƙara a jingine, an ɗaura mata fure.

In lissafin ci da faɗuwa ake so, ga shi. Baijnath ya rasa shago, ya rasa gaisuwar unguwa, ɗan da ya ceta kuma ba ya haɗa ido da shi. Tribhu ya sami murhu, shi ke tuƙa madara har yau. Pandit, wanda muka zaci ya ƙare, cinikinsa ƙaruwa ya yi, don mutane sun ji ana iya gyara taurari, har sun ji farashi. Dulare kuwa ya sami abin da ya nema. Sunansa ne a allon shago. Amma kaskon farko da ya ɗora ya ƙone ƙurmus, yatsunsa ba sa jin zafi balle su ji madara. Yanzu a bakin ƙofa yake zama. Duk sanda yayansa ya zo giftawa sai ya ɗaga murya: "Yaya, yau babu ƙanƙara ne?"