Tallan da Lado Ya Yi a Kasuwar Maradun

Lado ɗan gidan mahauta ne a Talata Mafara, amma fawa ba ta karɓe shi ba. Abin da Allah ya ba shi murya ce da iya tsara labari. Shi ya sa da Alhaji Nasidi ya sayo majigi daga Gusau, a shekarun da aikin dam ɗin Bakolori ya cika gari da leburori da direbobi, bai nemi kowa ba sai shi. Aikin Lado biyu ne. Yakan zaga kasuwanni da lasifika yana talla, in an haska fim kuma ya tsaya gefen bango yana faɗa wa jama'a abin da Indiyawan ke cewa. Ba ya jin Indiyanci. Yakan kalli fim sau ɗaya kafin kowa, ya gane inda aka dosa, sauran ya cike da nasa.

Wannan karon fosta ce ta riga fim isowa da kwana takwas. Alhaji ya ce a fara talla, fim na bisa hanya.

Lado ya baje fostar a ƙasa ya daɗe yana dubawa. Ga wani saurayi da yagaggiyar riga da bindiga a hannu, bayansa ruwa iya ganin ido. Ga wani mai tumbi da baƙin tabarau, riƙe da takarda. Can ƙasa kuma wata tsohuwa tana kuka.

Da kasuwar Bakura suka fara, shi da direban Alhaji. Ya tsaya a bayan a-kori-kura yana shelar abin da ya saba: dambe, tseren mota, waƙa har shida. Ba wanda ya tsaya. Hankalin mutane na kan gonakinsu da katafila ta baje don yin hanyoyin ruwa, shekara biyu ke nan ba a bar su sun shuka ba. Makogwaronsa har ya fara bushewa, sai wata mai sayar da daddawa ta nuna fostar da baki.

"Mi ya sa tsohuwag ga kuka?"

"Gonarsu anka amshe," in ji Lado.

Bai shirya faɗin haka ba, fitowa kawai ta yi. Amma sai ya ga mutum uku sun juyo, sannan goma. Kafin la'asar ya sa mai tumbin ya zama wanda ya zo da takardar awo, saurayin kuma ɗan manomi.

Ranar kasuwar Maradun labarin ya riga shi isa. Can kuwa ba katafila ce damuwarsu ba, ruwa ne da ke tasowa a bayan dam yana cin fadama da gidaje. Mutane suka kewaye motar har direba ya rasa hanyar juyawa. Lado ya ji daɗin taron, ya ƙara gishiri: ruwan da ke bayan saurayin nan, in ji shi, garinsu ne a ƙarƙashi, da rumbuna da kushewun kakanni.

Wani dattijo mai suna Yari ya matso har jikin mota. Ya gai da Lado gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, sannan ya ce:

"Ɗana, daga ƙarshe an maida mai gonatai?"

"Sai ka zo ka gani da idonka, Baba."

"In sha Allahu ina zuwa. Ban taɓa shiga silima ba."

A hanyar komawa Lado ya kasa zama wuri ɗaya. Ya riƙa gaya wa kansa cewa ai finafinan nan kusan duk ɗaya ne, da wuya a rasa gona a ciki.

Fim bai iso ba sai ranar da za a haska shi, bayan azahar, kuma mai gyaran janareta bai gama ba balle a gwada. Lado ya naɗe fostar ya nufi gidan wani Ba'indiye, Malam Sharma, mai koyar da lissafi a sakandare, wanda kan sayi nama wurin yayan Lado kuma yana jin Hausa gwargwado. Malamin na ganin hoton ya yi murmushi. Ya ce ya kalli fim ɗin a ƙasarsu, har ya san bakin tekun da aka ɗauke shi, kuma jirgin ruwan da ke fashewa a ƙarshe ɗan ƙarami ne na katako da aka ƙona cikin kwatarniya.

"Teku?" in ji Lado.

"Teku ne. Saurayin ma'aikacin kwastan ne, mai tumbin kuma mai fasa-ƙwaurin zinariya. Tsohuwa tana kuka don an ce ɗanta ya mutu."

"Babu gona?"

"Ko akuya babu."

Lado ya fito yana tafiya kamar wanda aka kora. Ya je wurin Alhaji ya faɗa masa. Alhaji ya ce shi bai aike shi ya yi wa kowa alkawarin gona ba, wanda ya dama shi zai sha, ya je ya san yadda zai yi da bakinsa. Ya koma gida, matarsa Taibatu ta ajiye masa tuwo bai taɓa ba. Ya fita, ya dawo, ya sake fita. A bakin tasha ya ga motar katako biyu sun sauke mutanen Maradun, wasu da buzunsu na salla, wasu kuma na Bakura da Birnin Tudu a kan kekuna.

Bayan magariba tsohon sito na gyaɗa da ake haska fim a ciki ya cika har bisa katanga. Leburori na baya suna fito, manoma na gaba a zaune shiru. Malam Sharma ma ya zo, ya sami benci a gefe.

Aka kunna. Ruwa ya bayyana a bango, shuɗi, yana motsi.

"Wanga ruwa da kuka gani," Lado ya fara, "ƙarƙashinai..."

Idonsa ya faɗa kan Yari a sahun farko. Dattijon ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya miƙa wuya gaba, yana duban ruwan kamar mai neman wani abu da ya sani a ciki. Wani ƙaton jirgi ya shigo bangon yana busa, Lado kuwa yana tsaye da lasifika a baki, idonsa na kan dattijon. Aka fara kiran sunansa daga baya.

Ya ɗaga wa mai majigi hannu a tsaya.

"Jama'a, ku gafarce ni. Ban ga fim ɗin ga ba sadda niy yi talla. Babu gona ciki. Teku na, da ɓarayin zinariya. Ni niƙ ƙaga labarin."

Wurin ya ruɗe da guna-guni. Wani ya jefo ɓawon rake ya same shi a kafaɗa. Mutum kamar ashirin suka tashi suna kakkaɓe riguna, ɗaya ya tsaya a ƙofa ya ce masa Allah ya isa. Yari bai motsa ba. Da hayaniyar ta lafa ya ce, ba tare da ɗaga murya ba:

"Mun riga mun zo. A kunna, amma ka hwaɗi abin da suka cewa."

Malam Sharma ya taso ya tsaya kusa da Lado yana raɗa masa, shi kuma yana maimaitawa. Fassarar ta zo a guntule, ba armashi irin nasa. Leburori dai sun yi sowa da aka fara dambe a kan jirgi. Manoma suka kalla har ƙarshe, ba tafi ba dariya, suka tashi suka nufi motocinsu.

Lado ya bi Yari waje yana ba shi haƙuri.

"Na san ba a maida gona," in ji dattijon. "Cewa niy yi ko ga bango in ga yadda aka yi."

Fim ɗin ya yi kwana tara ana haskawa, ma'aikatan dam suka riƙa cika wurin, Alhaji ya manta da zancen. Lado kuwa bai ƙara tallan abin da bai gani ba, kuma ya ɗauki wata huɗu yana zille wa kasuwar Maradun.

Ranar da ya koma, ba wanda ya kewaye motar. Ya hangi Yari a bakin hanya da iyalinsa, zaune kan ƙullin kaya da ƙyauren ɗaki da turmi, suna jiran motar da za ta kai su Garbadu wurin 'yarsa, don ruwa ya shigo nasu gidan. Suka gaisa. Lado ya je ya yi ta roƙon direban Alhaji har ya yarda. Suka sauke lasifika suka gyara wuri, aka loda kayan, aka sa Yari a gaba. Shi kuma ya hau baya ya riƙe turmin don kada ya gangara.